Kafin Ka Faɗa Ruwa a Ƙasar da Ba Taka Ba

Duk wanda ya taɓa gangara matakalar da ke kai mutum Wikki, a dajin Yankari na jihar Bauchi, ba ya manta abin da idonsa ya fara gani. Ruwa ne garai-garai yana ɓulɓulowa daga gindin wani tsaunin dutsen yashi, ƙasansa farin rairayi, itatuwa sun yi masa rumfa dama da hagu. Kana tsaye ruwa ya kawo maka ƙirji, amma kana hango farcen ƙafarka. In ka matsa kusa da bakin dutsen za ka ji yana tura ka a hankali, ga ɗumi kamar ruwan da uwa ta sirka wa jariri. Da hunturu da bazara, dare da rana, ɗuminsa na nan a digiri 31. Tun 1962 da aka buɗe Yankari ga baƙi ake shiga ruwan nan, kuma da yawa daga cikin masu zuwa sun fi ba da labarinsa a kan labarin giwaye.

Irin wannan wuri ne matafiya ke nema a duk ƙasashe masu zafi, kuma mu ma yanzu muna cikin masu neman. Ɗalibanmu na Maleshiya da Indiya da Yuganda, 'yan kasuwarmu na zuwa Tailan, ango da amarya na tafiya Tanzaniya. Ranar hutu sai wani ya nuna hoto a waya, ga ruwa shuɗi ƙarƙashin matsirga, a ce gobe can muka nufa. Abin da ke damuna shi ne, kusan kowa da ido yake yanke hukunci. In ruwa ya yi haske ya kwanta luf, an amince da shi. In ya yi duhu, a ce wannan ba na shiga ba ne. Alhali launin ruwa labarin dutsen da ya ratso kawai yake ba ka.

Ɗauki shuɗin nan mai ɗaukar ido na matsirgar Kuang Si a Lawos, ko Erawan mai hawa bakwai a lardin Kanchanaburi na Tailan, ko Semuc Champey a Gwatamala. Dukansu ta cikin dutsen farar ƙasa suka biyo. Ruwa na narkar da shi kaɗan-kaɗan, ya ɗauko garinsa, garin ya riƙa mayar da hasken rana, sai ido ya ga shuɗi-kore. Shi ne kuma yake daskarewa a bakin kwarmi ya gina 'yan katangu, shi ya sa wuraren suke hawa-hawa kamar magini ne ya tsara su. A ɗaya gefen, kogin Negro na Barazil baƙi ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba, saboda ganyayen da suka jiƙa a cikinsa, kuma tsaminsa ya sa ko sauro bai cika hayayyafa a wurin ba. Wanda ya dogara da ido zai guji wancan baƙin, ya ruga wani tafki mai haske wanda zai bar shi da jinya ta shekaru.

Tambayar da ta fi amfani ita ce, daga ina ruwan nan ya fito, kuma yaushe ya fito? Ruwan Wikki ruwan sama ne da ya nutse cikin ƙasa, ya yi ta tsiyaya ta 'yan kafofin dutsen yashi, waɗanda suke tace shi kamar rariya. Ƙasa kuwa tana ƙara zafi gwargwadon zurfi, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, to a can ya ɗebo ɗuminsa kafin ya sami tsaga ya fito. Yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, cikin kwarmin da tsawonsa kusan mita 200 ne, faɗinsa mita 13, daga nan ya gangara kogin Gaji. Ko a tsaitsaye ka yi lissafi za ka ga ruwan da ka shiga da safe ba shi za ka tarar da azahar ba. Haka Kikuletwa yake, wanda ake kira Chemka, kusa da Moshi a Tanzaniya, inda ruwan da ya nutse a yankin dutsen Kilimanjaro yake fitowa a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Maɓuɓɓuga mai ƙarfi, mai ƙasan rairayi, mai sabunta kanta, ita ce mafi kwanciyar hankali a cikin ruwan daɗi. Amma amincin nan a bakin idon ruwan yake. Da ka bi shi ƙasa, inda ya rage gudu ciyawa ta kama gaɓarsa, ya zama ƙorama kamar kowace.

Kuma ba kowane ruwan ƙarƙashin ƙasa ne tatacce ba. A yankin Yukatan na Meziko da wuya ka ga kogi a bisa ƙasa. Ƙasar duk dutsen farar ƙasa ce, ruwan sama ya rarake ta ya yi koguna a ciki, inda rufin ya rufta sai rijiya ta bayyana. Su ne senote, sunan da ya samo asali daga harshen mutanen Maya, kuma sun haura 6,000. A Ik Kil, kusa da tsohon birnin Chichen Itza, sai ka sauka matakala wajen mita 26 kafin ka taɓa ruwa, saiwoyi na reto daga sama, hasken rana na saukowa ta baki ɗaya kamar ta tagar soro. Wuri ne da ke sa mutum ya yi tasbihi. Sai dai zurfin ruwan ya wuce mita 40, kuma babu gaɓar da za ka taka ka huta. Rijiyoyin kuma a haɗe suke ta ƙasa: a 2018 masu nutso suka tabbatar kogon Sac Actun da na Dos Ojos abu ɗaya ne, tsawonsa kilomita 347. Ma'anar wannan ita ce, ruwa a can ta manyan hanyoyi yake bi, babu rariyar da za ta tace shi. Abin da ya tsiyaya daga shaddar otal ko gonar aladu yana iya ɓulla a rijiyar da ke nesa. A 2022 hukumar lafiyar ƙasar ta sami ƙwayoyin cutar bayan gida fiye da ƙima a wasu senote na yankin Tulum, ruwan kuwa a ido yana nan tas kamar madubi. Har yaran garin Homun sai da suka kai ƙarar wata katafariyar gonar aladu don kare ruwansu, a 2021 kuma kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dakatarwar da aka yi wa gonar.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi kowanne yawa, wanda kuma muka fi kowa saninsa amma muka fi kowa raina shi: tsargiya.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ko fadama a ƙasar Hausa ya san yaron da ke tsugunawa bayan katanga, ƙarshen fitsarinsa ya zo da ɗigon jini, ya rufe da ƙasa kada a gani. A wasu garuruwan har ana ɗaukar abin alamar girma. Wata tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara gani a Alƙahira a 1851. Tafiyarta kamar zagayen dabaibayi take. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wata 'yar ƙaramar katantanwa ya shige. A cikinta yake hayayyafa, bayan 'yan makonni ta riƙa sako dubban 'ya'yan tsutsa masu wutsiya, waɗanda ido ba ya gani. Ba sai ka sha ruwan ba, ba kuma sai kana da ciwo ba. Lafiyayyar fata suke hudawa cikin 'yan mintuna, su bi jini, su girma, mace da namiji su manne su zauna a jijiyoyin mafitsara ko na hanji shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan da ya maƙale a nama shi ne ciwon. Shi ke kawo jini a fitsari, ya lalata ƙoda, ya kumbura hanta da saifa, a wasu ya kai ga sankarar mafitsara. A mata yana raunata al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a san tushen ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin rigakafinta, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka, kuma Najeriya na sahun gaba.

Katantanwar nan ruwa mai sanyin gudu take so, marar zurfi, mai ɗumi, mai bado da kainuwa da ciyawar da za ta maƙale. Wato daidai wurin da baƙo zai duba ya ce nan ne lafiya, nan yara za su yi wasa. Kuma tsakar rana ta fi sako 'ya'yan, lokacin da zafi ke kora mutane ruwa. Tafkin Malawi ya isa misali. Ruwa ne mai haske, cike da kifaye masu launi iri-iri, har an sa wani yankinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984, kuma an daɗe ana gaya wa baƙi babu tsargiya a cikinsa. A 1992 wasu Amurkawa biyu 'yan aikin sa-kai da suka yi iyo a Cape Maclear suka kwanta, ƙwan tsutsar ya kai ga ƙwaƙwalwa da laka. Da aka bi diddigi aka gwada jinin baƙi mazauna ƙasar, kusan ɗaya cikin uku ya nuna alamar kamuwa. Masu bincike sun danganta ƙaruwarta a wannan gaɓa da yawan kamun kifayen da ke cin katantanwa.

Wannan na nuna taswirar tsargiya ba a tsaye take ba, hannun mutum na sauya ta. Da aka gama madatsar Akosombo a Gana a 1965, tafkin Bolta ya cika, cutar ta mamaye ƙauyukan gaɓarsa. Da aka gama madatsar Diama a kogin Sanagal a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa, manyan jatan landen da ke cin katantanwa suka rasa hanyar ƙaura, cikin shekara biyu annoba ta ɓarke a garin Richard-Toll. Saboda haka maganar wani dattijo cewa "mun yi wanka a nan muna yara ba abin da ya same mu" tana iya zama gaskiya a zamaninsa, ta zama kuskure a yau.

Inda matafiyi zai samu sauƙi shi ne, cutar na da iyakokinta. Ba ta rayuwa a ruwan teku. Babu ita a Meziko, don haka senote sun kuɓuta daga wannan. A gabashin Asiya wurare ne ƙididdigaggu: wani yanki na kogin Mekong a kudancin Lawos da Kambodiya, wasu tsibiran Filifin, tsakiyar Sulawesi a Indunusiya, da sassan Sin. A Kudancin Amurka ta fi ƙarfi a arewa maso gabashin Barazil. Amma a Afirka kudu da Sahara, ni dai shawarata ita ce ka ɗauki kowane tafki da kowane kogi mai kwanciya a matsayin mai ita, ko da otal mai tsada ne a bakinsa, ko da ma'aikacin otal ɗin ya rantse maka.

In kuwa an riga an shiga, akwai kuskuren da ake yawan yi. A wasu wuraren yawon buɗe ido ana sayar wa baƙi ƙwayar praziquantel a ce su haɗiya da sun fito. Maganin na da kyau ƙwarai, amma balagaggiyar tsutsa yake kashewa, ƙaramar ba ya yi mata komai. Wanda ya sha washegari ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma tafi da kwanciyar hankalin ƙarya. Abin yi shi ne a jira wata biyu zuwa uku daga ranar shiga ta ƙarshe, a je asibiti a yi gwaji, a sha bisa nauyin jiki. Goge jiki da tawul da ƙarfi bayan fitowa ba kariya ba ce da za a dogara da ita. In zazzaɓi da tari da ƙuraje suka taso tsakanin mako biyu zuwa takwas, kada a tsaya kan maleriya da taifod kawai. A buɗe baki a ce wa likita, "Na shiga ruwa a wuri kaza, ranar kaza." Wannan jimla ɗaya na iya rage wa mutum wata shida na yawon asibiti. Ruwan wanka kuma in daga tafki aka ɗebo, a tafasa, ko a ajiye shi kwana biyu, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka in ba su sami jiki ba.

Wanda ya je inda babu tsargiya bai gama tsira ba. Akwai cutar fitsarin ɓera, wadda ɓeraye da shanu da karnuka da aladu ke zubarwa a ƙasa, ruwan sama ya wanke ya kai rafi. Ita ta ido da hanci da baki da ƙujewar fata take shiga. A shekarar 2000 aka yi wata gasar juriya a Sabah, yankin Maleshiya na tsibirin Borniyo, mutum 304 suka shiga. Da suka koma ƙasashensu aka tuntuɓi 189, aka tarar 80 sun kwanta, kuma iyo a kogin Segama bayan ruwan sama mai yawa shi ne babban dalili. Ƙarfafan mutane ke nan, 'yan wasa. Tana farawa kamar maleriya, da ciwon kai da ciwon sha-raɓa da jan ido, in an yi sake ta zama shawara ta taɓa ƙoda. Maganinta na nan kuma ba shi da tsada in an gane ta da wuri. Darasin a taƙaice: kwana biyu ko uku bayan ruwan sama mai ƙarfi, rafi ba na shiga ba ne, mai sabon ciwo a ƙafa kuma ya haƙura.

Sai wata amiba, 'yar halittar da ido ba ya gani, da ke son ruwan ɗumi marar motsi, har da wasu maɓuɓɓugan zafi. Shan ruwan ba ya kawo ta. Ta hanci take hawa zuwa ƙwaƙwalwa, ta zo kamar sanƙarau. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar gaske, miliyoyi na iyo ba ta same su ba, amma wanda ta kama da ƙyar yake tashi: a Amurka daga 1962 zuwa 2023 mutum 164 ta kama, huɗu suka rayu. An yi fama da ita a Karachi da jihar Kerala ta Indiya. Kariyarta mai sauƙi ce. A ruwan ɗumi kada ka yi tsalle ka faɗa, kada ka tayar da lakar ƙasa, ka bar kanka a sama ko ka toshe hanci. In salla ta riske ka a irin wannan wuri, yi alwala da ruwan gora, saboda shaƙa ruwa.

Duk waɗannan cututtuka ne, suna ba da lokaci. Ruwa da kansa ba ya bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021. Kuma wurin da ya fi ruɗin baƙo shi ne gindin matsirga. Inda ruwa ke faɗowa ya yi fari fat, wannan farin iska ce ta cakuɗa da shi, kuma ruwa mai kumfa ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa zalla, sai gwanin iyo ya ji yana nutsewa yana ta bugu a banza. A ƙarƙashi kuma ruwan juyawa yake kamar dutsen niƙa, ya tura ka ƙasa, ya dawo da kai gindin matsirgar, ya sake turawa. Ga duwatsu masu gansakuka, ga kututturan da ambaliyar bara ta kawo ta ajiye inda bana ake tsalle. Wanda ya san Gurara a jihar Neja ya san fuskokinta biyu: a watan Fabrairu ruwa ya ja baya, kwarmi ya kwanta, a watan Satumba kuwa rugugi kaɗai ya isa ya hana ka matsawa. Wuri ɗaya ne, wata ne ya bambanta. Haka kwarmin nan da ke kan leɓen matsirgar Biktoriya ta ɓangaren Zambiya, wanda Turawa suka raɗa wa sunan Shaiɗan, inda mutane ke leƙa ramin da ya haura mita 100. Ana shigarsa ne kawai in kogin Zambezi ya ja, daga wajen Agusta zuwa farkon Janairu, da jagora, domin a lokacin ne wani dutse da ke bakin yake tare mutum. In ruwa ya ƙaru, dutsen na nan amma ba ya tare kowa.

Mafi muni shi ne ruwan da bai zuba a kanka ba. A watan Afrilun 2007, ana hutun Songkran, sabuwar shekarar mutanen Tailan, iyalai sun cika wasu matsirgai a lardin Trang. Ruwan sama ya sauka can kan duwatsu, ambaliya ta gangaro ta kwazazzabo lokaci guda, ta tafi da mutum sama da 30. Irin wannan na da alamu, amma na daƙiƙu ne: ruwa mai haske ya fara gurɓacewa, ganye da ƙirare su fara wucewa, dutsen da ka ajiye takalmi a kai ya nutse, ka ji ƙugi daga sama kamar babbar mota na tahowa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya bar kaya, ya ɗauki yaro, ya hau gefe zuwa tudu, kada ya bi hanyar ruwa. Kafin a shiga ma, a ɗaga kai a dubi inda ruwan ya fito. In hadari ya haɗu a can, ko da rana na ƙwallewa a nan, a fasa. Hadari a wurin kansa ma abin gudu ne. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da wata babbar bishiya kan masu wanka a matsirgar Kintampo ta Gana, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare da suka je yawon buɗe ido. Allah ya kiyaye na gaba.

Maganar kada da dorina ba ta bukatar dogon bayani. A arewacin Ostareliya, inda aka hana farautar kadan ruwan gishiri a 1971 har yawansu ya wuce 100,000, ana rufe wurare irin su matsirgar Wangi duk damina, domin cikar ruwa na buɗe wa kada hanya, kuma ba a buɗewa sai ma'aikata sun bincika. A yawancin ƙasashe babu mai yi maka wannan binciken. Rashin allon gargaɗi ba shaida ba ce. Magariba da asuba da dare kuwa lokacinsu ne.

A nan ne ɗan gari yake da rana, domin da ɗan gari akan ci gari. Masunci da mai kwale-kwale da matar da ke wanki a gaɓa sun san inda rami yake, inda ruwa ke juyawa, inda ya ci mutum bara, inda kada ke shan hantsi. In sun ce kada ka shiga, ko da sun ce aljanu ne ko wurin tsafi ne, kada ka tsaya musu, sau da yawa wurin da aka haramta wuri ne da ya saba cin mutane. Kuma ko ba haka ba, ruwansu ne. Amma sanin ɗan gari na da iyaka, kuma iyakar ita ce abin da ido ba ya gani. Wanda ya tashi da tsargiya tun yana ɗan shekara bakwai zai ce maka ruwan lafiya lau, kuma ba ƙarya yake yi ba a saninsa. Tambayar zurfi da igiyar ruwa da dabba tasa ce. Tambayar cuta ta ma'aikacin asibitin garin ce, kuma ita ce: "Yaran makarantar nan ana raba musu maganin fitsarin jini?" In an ce ana rabawa, ka sami amsarka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Da yawanmu ba mu iya iyo ba, ko kuma iyawarmu ta kududdufin unguwa ce, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Kunya ke hana babban mutum ya karɓi rigar kariya a gaban abokai, alhali a senote da yawa dole ce ga kowa, gwani da ɗan koyo. Sutura ma abin dubawa ce. Doguwar riga da zani da babban hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, su rufe fuska. 'Yan'uwa mata da ke son shiga ba sai sun zaɓi tsakanin mutunci da rai ba, akwai kayan iyo masu rufe jiki duka waɗanda ba sa riƙe ruwa, a saya tun kafin tafiya. Kuma a sani wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa na nutsewa yana fitowa, numfashi kawai yake nema, hannuwansa na dannan ruwa, daga nesa kamar wasa yake. Shi ya sa in da yara, sai a ware babba ɗaya wanda aikinsa kallo ne kawai, ba waya a hannunsa. In wani ya shiga wahala, wanda bai koyi ceto ba ya miƙa sanda ko igiya, ko ya jefa jarka marar komai. Sau nawa muka ji an fito da gawa biyu, ta biyun ta wanda ya faɗa ceto ce.

Saura abu ɗaya da ba a cika gaya wa matafiyi daga ƙasashenmu ba. Littattafan yawon buɗe ido don Bature aka rubuta su, shi ake gaya wa abin da zai ɗauko. Mu kuwa muna iya zama masu kaiwa. A tsibirin Kosika na Faransa akwai wani kogi mai suna Cavu, wurin wankan iyalai lokacin zafi, wanda katantanwar tsargiya ke zaune a cikinsa ba tare da cutar ba. A 2014 likitoci a Faransa da Jamus suka fara ganin yara masu fitsarin jini waɗanda ba su taɓa taka Afirka ba, duk sun yi wanka a kogin a 2013. Mutum sama da 100 aka samu, aka hana shiga kogin a 2014, kuma binciken ƙwayar halittar tsutsar ya nuna asalinta daga Sanagal. Mai yiwuwa wanda ya kai ta bai ma san yana ɗauke da ita ba, fitsari kawai ya yi a ruwa. Duk wanda ya yi wasan kududdufi yana yaro, ko ya yi noman rani ƙafarsa cikin ruwa, ya kamata ya je a gwada shi ko da ba ya ganin jini, don kansa da kuma don ruwan da zai shiga. A senote za a sa ka watsa ruwa kafin ka sauka, a hana ka shafa mai da turare, saboda ruwan da kake iyo a ciki shi ne ruwan shan garin. A Wikki ma haka ya kamata mu riƙa yi ko ba a sa mu ba: a zagaya kafin a sauko, a bar sabulu da omo a ɗaki, ledar da aka zo da ita a koma da ita, domin abin da ya bar kwarmin nan kogin Gaji yake shiga, kuma shi giwaye da ɓauna da gwanki ke sha duk rani.